GANYE DA MA'AUNI: Darasi a Kan Itatuwan da Ake Sha Domin Ciwon Sukari

Manufar Darasi

Mu san abin da ganyaye da saiwoyi za su iya yi wa mai ciwon sukari, da abin da ba za su iya ba, domin iyali su taimaki nasu ba tare da sun jefa shi cikin hatsari ba.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman jiran mota ta cika a tasha cikin garin Lafia, ko mai zuwa Makurɗi ko mai zuwa Akwanga, ya san muryar nan da ke fitowa daga lasifika tana lissafa cututtuka kamar mai kiran sunayen 'yan makaranta: basir, shawara, hawan jini, ciwon sukari. Kwalba ɗaya ce, in ji mai talla, take maganinsu duka. A gida kuma ba a rasa wata gwaggo ko maƙwabciya mai kyakkyawar niyya da za ta ce, "Baba, ka bar ƙwayoyin nan haka, a matso maka shuwaka safe da yamma, ai ɗaci shi ke kashe zaƙi."

Ƙaunatattu, wannan shawara daga ƙauna take fitowa, sau da yawa kuma daga rashin kuɗi, gama maganin asibiti na kowane wata ba ƙaramin nauyi ba ne a kan iyali. Saboda haka ba za mu yi wa kowa dariya ba. Amma a kan irin wannan shawara ne wani yake rasa idonsa, wani ƙafarsa, wani ransa. Ya kamata mu zauna mu bincika maganar da natsuwa: shin akwai gaskiya cikin batun ganye? In akwai, ina iyakarta?

1. Abin da Ciwon Sukari Yake

Sakwarar doya, teba, tuwon masara, shinkafa da kunu, dukansu sitaci ne, ciki kuwa yana narkar da sitaci ya mai da shi sukari ya zuba cikin jini. Wannan sukari shi ne makamashin jiki. Amma ba ya iya shiga naman jiki sai da wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, take samarwa. Insulin kamar mabuɗi yake. In babu mabuɗin, ko kuwa ƙofa ta yi tsatsa ta daina jin mabuɗin, sai sukari ya taru cikin jini alhali jiki yana fama da yunwa.

Ciwon iri biyu ne manya. Na farko ya fi kama yara da matasa: jikinsu ya daina yin insulin ɗungum, ba su da abin dogara sai allura kowace rana. Na biyu shi ne na yawancin mutane, wajen 9 cikin 10: jiki yana yin insulin, amma bai isa ba, ko kuwa ba ya aiki sosai. Ya fi zuwa da shekaru, da ƙiba, da yawan zama, da gado. Akwai kuma wanda yakan taso wa mace lokacin da take da ciki.

Alamunsa sanannu ne: yawan fitsari, musamman da dare, ƙishirwa marar yankewa, rama ba dalili, kasala, gani dishi-dishi, da rauni mai ƙin warkewa. Abin tsoro shi ne mutum yakan yi shekaru da ciwon ba tare da wata alama ba, sukarin kuwa yana ta cin jijiyoyin ido, da ƙoda, da zuciya, da ƙafafu a ɓoye, kamar gara cikin azara.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a shekarar 1992 ya sami ciwon a jikin kashi 2.2 cikin ɗari. A shekarar 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, suka sami kusan kashi 6 cikin ɗari, wato babba 1 cikin kowane 17. Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba.

2. Harshe da Kiyashi Ba Alƙalai Ba Ne

Kafin mu shiga batun ganye, bari mu kawar da kuskure biyu da suka zauna daram a gidajenmu.

Na farko shi ne zancen ɗaci da zaƙi. Sakwara ba ta da zaƙi a baki, amma malmala biyu suna iya ɗaga sukarin jini fiye da ƙwayoyin sukarin da ake sa wa shayi. Ashe abin da harshe ya ji daban, abin da jini ya karɓa daban. Ɗanɗano a baki yake ƙarewa. Idan wani ganye mai ɗaci ya rage sukari, wani sinadari ne a cikinsa ya yi aikin, ɗacin kansa bai yi kome ba.

Na biyu shi ne gwajin kiyashi. Mutum yakan ce, "Na warke, kiyashi sun daina bin fitsarina." To, ƙoda ba ta fara zubar da sukari cikin fitsari sai ya kai wajen 180 a jini. Lafiyayyen mutum kuwa, in an auna shi da safe kafin ya ci kome, yana ƙasa da 100 ne, kuma daga 126 zuwa sama, in an maimaita awon aka sake samun haka, ciwon sukari ne. Mai 160 fitsarinsa ba zai ja kiyashi ba, amma ciwon yana nan yana aikinsa. Wasu na'urori suna nuna ƙananan lambobi, kamar 7.0, a ninka da 18, sai a sami lambar da muke magana a kai. Akwai kuma awon da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya zauna cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce, daga 6.5 zuwa sama alamar ciwo ce.

Saboda haka alƙali ɗaya muke da shi cikin wannan shari'a, shi ne ma'auni.

3. Labarin Wani Tsiro da Ya Zama Ƙwaya

Kada wani ya ɗauka likitoci sun raina itatuwa. Ƙwayar da aka fi ba masu ciwon sukari a duniya, wadda ake kira metformin, asalinta daga tsiro ne.

A ƙasashen Turai akwai wani tsiro mai fure da ake kira Galega, wanda masu maganin gargajiyarsu suka daɗe suna amfani da shi. Da masana suka bincika, suka tarar yana ɗauke da dangin wani sinadari da aka tabbatar a shekarar 1918 cewa yana rage sukarin jinin dabbobi. Sai dai tsiron kansa guba ne, har tumaki yake kashewa in sun ci da yawa. Magungunan farko da aka ƙera daga wannan dangi a shekarun 1920 an daina su domin suna ɓata hanta. Sai a shekarar 1957 wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya gwada metformin a kan marasa lafiya, ya auna, ya rubuta, ya ba shi suna Glucophage, wato mai cin sukari. Wani ɗan'uwan maganin mai suna phenformin an janye shi daga kasuwa a ƙarshen shekarun 1970 saboda ya kashe mutane. Amurka ba ta fara sayar da metformin ba sai 1995. A shekarar 1998 wani dogon bincike a Birtaniya ya nuna cewa yana rage ciwon zuciya da mutuwa a tsakanin masu ƙiba da ke fama da ciwon sukari.

Mu lura da tsawon tafiyar: shekara 80 daga gwajin farko zuwa cikakken tabbaci. Cikin waɗannan shekaru ana neman amsar tambayoyi huɗu ne. Nawa za a sha? Har tsawon wane lokaci? Wa zai cutu? Me zai faru in ya haɗu da wani magani? Tsiron yana da ƙarfi tun fil azal, amma bai zama magani ba sai da aka auna shi.

A ƙasarmu ma an bi irin wannan hanya. A shekarun 1990 Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu, Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi na gargajiya daga Rabaran Paul Ogunyale na Oyo, wanda ya ƙunshi masoro, da kanumfari, da karan dafi, da wani itace. Aka tace shi, aka gwada shi a kan masu ciwon sikila, ya zama maganin da aka sani da suna Niprisan. Mai gargajiya ya kawo saninsa, masana suka kawo ma'auni.

4. Ganyayenmu a Kan Sikeli

Yanzu bari mu dawo bayan gida. A jami'o'in Nijeriya an yi ɗaruruwan gwaje-gwaje a kan itatuwan da ake sha domin ciwon sukari. Yawanci ga yadda ake yi: a busar da ganye, a niƙa, a jiƙa cikin ruwa ko barasa a tatso sinadarinsa, a yi wa ɓeraye allurar wata guba da ke lalata musu gaɓar da ke yin insulin, sa'an nan a ba su abin da aka tatso, a riƙa auna jininsu na 'yan makonni. Sau da yawa sukarin ɓerayen yakan sauka. Wannan mataki ne mai kyau, amma matakin farko ne. Ɓera ba mutum ba ne; ciwon da aka sa masa cikin kwana uku ba daidai yake da wanda ya ginu a jikin dattijo cikin shekara goma ba; mako huɗu kuma ba su isa su nuna abin da zai sami ƙoda bayan shekara biyar ba.

Shuwaka. Ita ce sarauniyar wannan fage, a Lafia da ko'ina. Gwajin ɓeraye ya nuna tana rage sukari, amma gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne, kuma ƙanana. A miya abinci ce mai kyau ƙwarai. Matsattsen ruwanta kofi-kofi kowace rana wani abu ne daban, gama ba wanda zai iya cewa ƙarfin kofin yau daidai yake da na jiya. Ganyen damina ba ɗaya yake da na rani ba, hannun mai matsa ma ba ɗaya ba ne.

Zogale. Yana da amfani ga jiki, ba shakka. A shekarar 2018 wani ƙaramin gwaji a sansanin 'yan gudun hijira a ƙasar Aljeriya ya nuna cewa garin zogale cikin abinci ya rage hawan sukari bayan cin abinci. Amma a shekarar 2017 a ƙasar Tailan an raba masu ciwon sukari 32 gida biyu, aka ba wasu zogale, aka ba wasu abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki, bayan mako 4 ba a ga bambanci ba. A ci kwaɗon zogale da daɗi, amma kada a ajiye ƙwaya saboda shi. Mai ciki kuma ta nisanci saiwarsa da ɓawonsa.

Garahuni. Wani ɗan'uwansa da ake ci a Indiya da Sin ya fi yawancin ganyaye shan gwaji a kan mutane. A shekarar 2012 masana suka tattara gwaje-gwaje 4 da suka ƙunshi mutum 479, suka ce hujjar ba ta isa a ba da shi a matsayin magani ba.

Kirfa da hulba. A wannan shekara ta 2012 aka tattara gwaje-gwaje 10 na kirfa a kan mutum 577, aka kai ga irin wannan hukunci. Hulba ta ɗan fi nuna alamar amfani, domin tana sa abinci ya narke a hankali, sai dai ragin kaɗan ne, kuma ba a ba mai ciki shawarar shanta da yawa.

Kuɓewa. Mutane da yawa suna jiƙa ta ta kwana su sha ruwan. Wani gwaji na shekarar 2011 a kan ɓeraye ya nuna cewa yauƙinta yana hana metformin shiga jini yadda ya kamata. Wato mai haɗiye ƙwayarsa da ruwan kuɓewa yana iya rage wa maganin ƙarfi bai sani ba.

Dogon yaro, maɗaci, marke da tafashiya. Waɗannan ba kayan miya ba ne, sassaƙe da saiwoyi ne masu ƙarfi. Man dogon yaro ya sa ƙananan yara suma da farfaɗiya a ƙasashen da ake ba su shi. Mai ciwon sukari kuwa ƙodarsa a cikin hatsari take tun farko. Tsimin da ba a san ƙarfinsa ba yana iya ƙarasa ta.

Taƙaitawa ita ce: wasu ganyayenmu suna da ɗan tasiri, wasu suna da alamar alheri da ta cancanci bincike, amma babu ko ɗaya da aka tabbatar yana warkar da ciwon sukari, babu kuma wanda ya maye gurbin insulin.

5. Hatsari ta Fuska Biyu

Hatsari na farko shi ne ganyen ya kasa. Bari mu ɗauki misali. Magidanci ya ji sauƙi bayan wata uku yana shan ƙwaya, sai ya ajiye ta ya koma ga jiƙo. Ba ya jin ciwo, saboda haka ya tabbata ya warke. Sukari ya koma 250, jijiyoyin ƙafarsa suka mutu a hankali. Wata rana a gonar doya ƙaya ta soke shi bai ji ba. Bayan mako biyu wurin ya zama gyambo, aka yi ta shafa gari, sai da ƙafar ta yi baƙi aka kai shi asibiti. Yanzu likita na zancen yankewa. Kuɗin aikin kaɗai ya fi na ƙwayar shekaru masu yawa.

Ga yaro mai nau'in farko abin ya fi sauri. In aka tsai da allurarsa, cikin 'yan kwanaki zai fara amai, da ciwon ciki, da numfashi mai zurfi, ya suma, ya mutu. Kafin Frederick Banting da Charles Best su tatso insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a shekarar 1921, haka irin waɗannan yara suke ƙarewa a duk duniya, duk da cewa kowace al'umma tana da nata ganyaye. Yaro na farko da aka yi wa allurar a watan Janairu 1922, Leonard Thompson, ɗan shekara 14, yana bakin mutuwa ne, ya kuwa ƙara shekara 13 a duniya.

Hatsari na biyu shi ne ganyen ya yi aiki fiye da kima. Saukar sukari ƙasa da 70 yana iya kisa cikin sa'o'i, alhali hawansa yakan ɗauki lokaci. Akwai itacen nan gwanja kusa, wanda Yarabawa ke kira ishin. 'Ya'yansa in sun nuna sun buɗe da kansu ana cinsu, amma ɗanyunsu suna ɗauke da gubar da ke zubar da sukarin jini warwas. A shekarar 1998 yara 29 suka mutu a kudu maso yammacin Burkina Faso, bincike kuma ya danganta mutuwarsu da cin ɗanyen wannan ɗan itace. Ga itace mai rage sukari da gaske, ga kuma abin da ya haifar.

Wanda ke shan ƙwaya irin su glibenclamide, ko yana allurar insulin, in ya ƙara tsimi a kai ba tare da awo ba, kamar mai ɗaura wa keke birki biyu ne ya damƙe su tare a gangare. Har wa yau akwai marasa tsoro da ke niƙa ƙwayar asibiti su zuba cikin garin ganye domin a ce maganinsu na aiki. A ƙasar Singafo a shekarar 2008 mutum 150 da ba su da ciwon sukari aka kwantar a asibiti sukarinsu ya faɗi, bayan sun sha wasu magunguna, har da na ganye, da aka cakuɗa da glibenclamide. Huɗu suka mutu.

Lalle kowane gida ya san alamun faɗuwar sukari: rawar jiki, gumi, jiri, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, ruɗewa, da magana kamar ta wanda ya bugu. In mutumin yana iya haɗiya, a ba shi ƙwayar sukari 3, ko babban cokali ɗaya na sukari cikin ruwa, ko rabin kwalbar lemo, a sake aunawa bayan minti 15, sa'an nan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki. A ruga da shi asibiti.

6. Lambar NAFDAC

Mai talla yakan ɗaga kwalba ya ce, "Ga lambar NAFDAC!" Ya kamata mu san ma'anarta. An kafa hukumar a shekarar 1993 domin ta tsare lafiyar abinci da magunguna. Yawancin magungunan gargajiya da ta ba lamba, lambar tana ƙarewa da harafin L, ma'anarta kuwa ita ce an duba ba a ga guba a fili ba. Ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa. Shi ya sa ake bukatar a rubuta a kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. A karanta ƙananan rubutun. Kwalbar da ba ta da lamba, ba sunan mai yi, ba ranar lalacewa, kada ta shiga gida. Wadda kuma ta ce tana maganin cuta ashirin, ta riga ta tona wa kanta asiri.

7. Abin da Iyali Za Su Yi

Na ɗaya, a auna. Wanda ya kai shekara 40, ko mai ƙiba, ko mai hawan jini, ko wanda ciwon ke cikin danginsa, ya je a duba jininsa ko da yana jin garau. Ana yin wannan a asibitin da jama'ar Lafia suka sani da sunan Dalhatu Araf, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, da manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Ɗigon jini ɗaya ne, minti ɗaya.

Na biyu, kada a tsai da magani sai da izinin likita. In kuɗi ne suka gaza, a faɗa masa a fili. Akwai metformin mai sauƙin kuɗi wanda aikinsa ɗaya ne da mai tsada. 'Ya'yan da ke aiki a Abuja su sani cewa ƙwayar wata guda ta fi turmin atamfa amfani ga Mama.

Na uku, a faɗa wa likita ko nas duk abin da ake sha. A tafi da ganyen ko kwalbar a nuna. Ɓoyewa ba ta cutar da likita, marar lafiya take cutarwa.

Na huɗu, a mai da ganye wurinsa, wato tukunya. Miyar shuwaka, zogale, alayyafo, rama, kuɓewa, yalo da wake su cika rabin kwano, sakwara ko tuwo kuwa kada su wuce dunƙulen hannun mai ci. A nan ne amfanin ganye ya tabbata, gama yana cika ciki, yana kuma sa sukari ya shiga jini a hankali. Acca ma sitaci ce, a ci ta da ma'auni. A rage lemon kwalba, da kunu mai sukari, da giya kowace iri. Zuma kuma sukari ce, kome tsarkinta.

Na biyar, a motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya mai ɗan sauri ta rabin sa'a kwana biyar. Rage ƙiba yana da ƙarfin da babu ganyen da ya nuna irinsa: a wani bincike a Birtaniya da aka buga a shekarar 2017, kusan rabin waɗanda suka bi tsarin rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya sukarinsu ya daidaita har shekara guda ba tare da ƙwaya ba. Ko su ma ba a sallame su daga awo ba, domin ciwon yakan dawo.

Na shida, a duba ƙafa kowane dare, har tsakanin yatsu. Kada mai ciwon ya yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. A duba ido da ƙoda sau ɗaya a shekara.

Na bakwai, batun azumi. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar da ke saukar da sukari da ƙarfi ya nemi shawarar likita kafin ya shiga azumi, kada kuma kowa ya sa shi jin kunya in an hana shi. Wanda ya gaskata ya warke, abin farin ciki ne. Bari ya je a auna shi, a sake aunawa bayan wata uku, likita ne zai rage maganin da hannunsa. Gaskiya ba ta tsoron ma'auni.

A ƙarshe, na'urar awo ba ta fi ƙarfin ƙungiya ba. Zumuntar mata ko ta maza tana iya sayen guda ɗaya, ta roƙi ma'aikacin lafiya da ke cikinta ya riƙa auna jama'a sau ɗaya a wata uku. Ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, wadda ita ce ranar haihuwar Banting, ta dace da fara wannan aiki.

Kammalawa

'Yan'uwa, kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka ce akwai magani a jikin itace. Tarihin metformin ya gaskata su. Abin da ba su da shi, mu kuwa muna da shi, shi ne hanyar ganin abin da ke cikin jini. Mai yiwuwa ne wata rana daga ɗakunan gwaji na Jami'ar Tarayya ta Lafia ko ta Jihar Nasarawa a Keffi a fito da magani daga shuwaka ko zogale, a san nawa za a sha da wanda zai guje shi. Kafin ranar ta zo, ganye ya zauna a miya, ƙwaya ta zauna a kan lokacinta, littafin awo kuma ya zauna kusa da gadon Baba, ana rubuta lamba da kwanan wata. Idan gwaggo ta sake zuwa da jarkarta, a karɓe ta da girmamawa, a gode mata, sa'an nan a nuna mata littafin.

Tambayoyi Domin Tattaunawa a Iyali

1. Me ya sa rashin kiyashi a kan fitsari ba shaidar warkewa ba ce?

2. Waɗanne tambayoyi huɗu ne sai an amsa su kafin tsiro ya zama magani? Kwalbar da ke gidanku ta amsa su?

3. Mene ne bambancin cin shuwaka a miya da shan matsattsen ruwanta a maimakon ƙwaya?

4. Idan mai ciwon sukari ya fara rawar jiki da gumi a gabanku, me za ku yi? In ya suma fa?

5. Wa ke cikin gidanku da ya kamata a auna jininsa, kuma wace rana za ku kai shi?